Fankar Bango, Ta Silin Ko Ta Cikin Bututu: Wacce Ta Dace Da Banɗakinka?

A gidajen iyayenmu makewayi yana can ƙuryar gida ne, nesa da ɗakunan kwana, sau da yawa ma ba shi da rufi, saboda haka rana da iska ne suke busar da shi ba tare da an kashe ko kwabo ba. Ginin zamani ya shigo da banɗaki cikin ɗaki, aka lulluɓe shi da tayil tun daga ƙasa har sama, aka rufe shi da silin, aka bar masa 'yar taga guda, wani lokaci ma babu tagar sam domin ɗakin maƙwabci ya tokare bangon. Duk wanda ya taɓa zama a gidajen haya na Kano ko Kaduna ya san abin da ke biyo baya: wari da ke dawowa ɗakin kwana, fenti da ke ɓamɓarewa, ƙasan ƙofar katako da ke ruɓewa, da baƙar fumfuna da ke bin kusurwoyin silin da zarar damina ta kankama. Maganin da aka fi bayarwa shi ne a sa fanka mai zuƙe iska ta fitar da ita waje, kuma magani ne na gaskiya. Sai dai fankokin iri-iri ne, kuma ana ɗaura su ne a wurin da ruwa da wutar lantarki da jikin ɗan Adam ba takalmi suke haɗuwa, wanda babu wani wuri a cikin gida da ya kai shi haɗari.

Kafin a je kasuwa ya kamata a san yawan iskar da ake so a fitar. Ƙa'idar gini ta Ingila, wadda masu aikin wuta da gini a Najeriya suka gaji abubuwa da yawa daga gare ta, ta ce fankar banɗakin wanka ta riƙa fitar da aƙalla lita 15 na iska a kowace daƙiƙa, wato kubik mita 54 a awa ɗaya. Banɗaki mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1.5 da tsayin mita 3 yana ɗauke da kubik mita 9, don haka fanka mai wannan ƙarfi za ta sauya iskarsa sau shida a awa. A jikin kwalin ƙaramar fanka mai inci 4 yawanci akan rubuta adadi tsakanin kubik mita 70 da 100 a awa, sai mai saye ya ɗauka ya tsallake. Amma wancan adadi an auna shi ne fanka tana hura iska a fili babu abin da ya tare ta. Da zarar an haɗa ta da bututu, ƙarfinta zai fara raguwa, kuma a nan ne bambancin nau'o'in uku yake fitowa.

Nau'i na farko shi ne fankar bango mai farfela, wadda ake fasa bango a zauna da ita, bayanta yana kallon waje. Ita ce mafi sauƙin kuɗi, mafi sauƙin ɗaurawa, kuma ita ce za a fi samu a shagunan kayan wuta na kasuwar Sabon Gari. Farfela tana iya kwasar iska mai yawa, amma ba ta da ƙarfin tura ta nesa, saboda haka tana aiki sosai idan tazarar da ke tsakaninta da waje kaurin bango ne kawai. Idan aka tilasta mata tura iska ta dogon bututu mai lanƙwasa biyu ko uku, za ta yi ta juyawa tana ƙara, iskar kuwa tana nan inda take. Ga banɗakin da ɗaya daga cikin bangayensa yake kallon tsakar gida ko lungu, ban ga dalilin neman wata ba. Akwai dai ƙananan abubuwa da suke raba aiki mai kyau da na jeka-na-yi-ka. Bulon da muke gini da shi yana da rami a ciki, don haka dole a zura guntun bututun roba a cikin hujin da aka fasa, in ba haka ba tururin zai riƙa shiga cikin bulon ne yana jiƙa bango. Dole bututun ya ɗan karkata ƙasa ta wajen waje, domin ruwan sama ya zube can maimakon ya gangaro kan fankar, musamman idan bangon yana fuskantar gabas inda hadarin damina ya fi bugowa. Sannan a zaɓi wadda take da murfin baya mai buɗewa idan iska ta turo shi, ya rufe idan fanka ta tsaya. Fankar da ba ta da wannan murfi ƙofa ce aka buɗe wa sauro da tsaka da ƙurar hunturu, kuma a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara kowace damina, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Nau'i na biyu shi ne fankar silin wadda a cikinta babu farfela, sai wata ƙaramar ganga mai haƙora da ke jujjuyawa tana wurga iska ta gefe. Wannan tana da ƙarfin tura iska cikin bututu mai tsawon mitoci da dama ko da akwai lanƙwasa, kuma ita aka yi domin banɗakin da ke tsakiyar gini, wanda babu bangonsa ko ɗaya da ya taɓa waje. Ta fi ta bango tsada, kuma aikinta ya fi yawa, tunda sai an ja bututu ta cikin silin har ya fita ta bango ko ta ƙarƙashin bakin rufin kwano. A nan ne aka fi yin kuskuren da ya fi ba ni takaici. A gidan wani ɗan'uwana an sa irin wannan fanka a silin na POP, tana da kyan gani kuma tana zuƙa sosai, har ta kan riƙe takarda idan an kara mata. Bayan damina biyu sai wani tabo ruwan ƙasa ya fito a silin ɗin ɗakin kwana, ba ma na banɗakin ba. Da aka hau aka haska tocila, sai ga bakin fankar a buɗe cikin rufi babu ko taƙi ɗaya na bututu, katakon da ke kusa ya yi baƙi ya yi laushi har farce yana shiga, ga kuma wani haɗin waya da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, tagullar ta koma kore saboda laima. Duk tururin wankan shekara biyu a cikin rufin gidan aka tara shi. Da a yi irin wannan aiki, gara a bar banɗakin babu fanka.

Nau'i na uku ba a ganinsa a cikin banɗaki. Injin fankar yana can cikin silin a tsakiyar bututu, abin da ake gani a ƙasa raga ce kawai ta roba. Fa'idarsa biyu ce. Ta farko, ana iya sa ragar daidai saman shawa inda tururi ya fi tashi, alhali babu wata waya mai wuta a kusa da ruwa. Ta biyu, ƙararsa ba ta damun mai barci, kuma babba guda yana iya ɗaukar banɗaki biyu da ke maƙwabtaka. Matsalarsa ita ce sai da hanyar shiga cikin silin domin gyara da shara, kuma masu aikin POP ba kasafai suke barin wannan ƙofa ba sai an nace. Wanda yake kan gini yanzu zai iya tsara shi tun kafin a rufe silin. Wanda ya riga ya tare, ko yake zaune a ƙasan bene inda dakalin kankare ne a samansa, da wuya ya yi masa amfani.

Game da girma, inci 4 ya wadatar ga banɗakin ɗaki ɗaya, inci 6 kuma ya fi dacewa da babban banɗaki ko wanda iyali da yawa suke amfani da shi, kodayake ya fi ƙara. Wutar da suke ci ba abin damuwa ba ce: fanka mai 15W da ke aiki awa biyu a rana ba ta cin yunit ɗaya cikakke a wata.

Akwai wani abu da ba ya cikin kwalin fanka amma shi ke sa ta yi aiki ko ta gaza. Iskar da aka fitar dole wata ta maye gurbinta, don haka ake barin tazarar kamar milimita 10 a ƙarƙashin ƙofa. Idan ƙofar ta manne da tayil, taga kuma a rufe, fanka za ta nemi iska ta duk inda ta samu, kuma wurin da ya fi sauƙi shi ne ramin da ruwan wanka ke fita. Yawancin waɗannan ramuka a gidajenmu ba su da lanƙwasar da ke riƙe ruwa ta toshe wari, sai fankar ta riƙa janyo iskar sokawe kai tsaye zuwa cikin ɗaki. Wanda ya ga wari ya ƙaru bayan ya sa fanka, mai aikin famfo zai kira, ba mai aikin wuta ba.

Zaɓi na gaba shi ne tsakanin fanka mai aiki da wutar gida ta 230V da mai aiki da 12V. Ƙa'idar wayoyin lantarki ta Ingila, BS 7671, ta kasa banɗaki kashi-kashi gwargwadon kusanci da ruwa. Inda akwai bahon wanka, cikinsa shi ne yanki na 0, samansa har tsayin mita 2.25 yanki na 1, sai santimita 60 da ke kewaye da shi yanki na 2. Amma yawancin banɗakunanmu ba su da baho, shawa ce take zuba a kan tayil, kuma a irin wannan hali yanki na 1 yana kaiwa mita 1.2 daga kan shawa ta kowane gefe. A ƙaramin banɗaki wannan ya cinye kusan duk wurin. Duk na'urar da za a sa a yanki na 1 ko na 2 dole ta kasance da alamar IPX4 aƙalla, wato tana jure fantsamar ruwa, idan kuma ana wanke bangon da tiyo to IPX5 ake bukata. Abin da ya taimake mu shi ne silin ɗinmu yana da tsayi, galibi kusan mita 3, don haka fankar da aka ɗaga sama da mita 2.25 ta fita daga yankunan, kuma can sama ne ma tururi yake taruwa. Idan haka ta samu, fanka mai 230V mai alamar IPX4 ta isa. Idan kuwa silin gajere ne, ko babu inda za a fasa sai kusa da shawa inda mai wanka zai iya miƙa hannu ya taɓa, to mai 12V ita ce zaɓin mai hankali. Tana zuwa da ƙaramar taransifoma da ake ɗaurawa a wajen banɗaki, wutar da ke isa fankar kuma ba ta da ƙarfin kisa. Ta fi tsada, ta fi wuyar samu, taransifomar kuma tana iya ƙonewa idan wuta ta yi yawa, amma inda yara suke wanka suna watsa ruwa sama, kuɗin bai tafi a banza ba.

Yadda za a riƙa kunna ta shi ma zaɓi ne, kuma a nan ne nake ganin shawarar da ta dace da ƙasashen sanyi ba lallai ta dace da mu ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba fanka makunninta daban. Hanya ta biyu a haɗa ta da ƙwan banɗaki, su kama tare su mutu tare, wanda yana da kyau ga banɗaki mara taga amma ba ya amfani da rana a mai taga, tunda babu mai kunna ƙwai. Hanya ta uku ita ce mai agogo, wadda ke ci gaba da juyawa kamar minti 15 bayan an kashe ƙwai. Tana busar da wuri fiye da sauran, sai dai tana bukatar wayoyi uku: laif (wayar da ke kawo wuta) mai wuta kullum, laif da ke bin makunni, da nitiral (wayar da wuta ke komawa ta cikinta). Ma'anar wannan ita ce ko an kashe ƙwai akwai wuta a cikinta, saboda haka wajibi ne a sa mata makunni na musamman a waje wanda ke yanke dukkan ukun lokaci guda, domin mai shara ko mai gyara kada ya ɗauka ta mutu. Hanya ta huɗu ita ce mai jin laima, wadda ke tashi da kanta idan danshi ya yi yawa. Ita ce mafi tsada, kuma ita ce nake ganin ta fi rashin dacewa da Arewa. Da hunturu iska a bushe take ƙarau, fankar ba za ta cika motsi ba alhali wari yana nan, domin ba ta jin wari. A watan Agusta kuma iskar waje kanta jiƙe take, sai ta yi ta juyawa dare da rana tana shan batirin inbata. Ƙari a kan haka, mai agogo da mai jin laima duk suna da 'yan ƙananan kayan lantarki a ciki waɗanda ba sa jure yawan ɗaukewa da dawowar wuta kamar yadda injin fanka zalla yake jurewa. Ga gidan da ke da taga, makunni daban ya fi. Ga mara taga, mai agogo ta cancanci ƙarin kuɗin.

Makunnin, kowane iri ne, a wajen ƙofa ya kamata ya kasance, ko kuma ya zama mai igiya da ake ja daga silin. Soket kuwa ba shi da gurbi a ƙaramin banɗaki ko kaɗan, domin ƙa'idar ta nisanta shi da wurin wanka da fiye da mita biyu. Ina faɗar wannan da ƙarfi saboda soket a banɗaki shi ke gayyatar hitar nan da ake tsomawa a bokiti, wadda ake gwada zafin ruwanta da yatsa tana kunne.

Duk waɗannan zaɓuɓɓuka ba su kai muhimmancin abin da ke cikin akwatin rarraba wuta ba. Mutane da yawa sun yarda cewa bireka tana kare rai, alhali waya take karewa daga ƙonewa. Birekar layin fitilu yawanci 6A ce, ba za ta faɗi ba sai wutar da ke bi ta wuce haka. Jikin mutum a jiƙe, yana tsaye ba takalmi a kan tayil mai ruwa, zai iya ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na amfiya ɗaya idan ya taɓa 230V. Wannan ya isa ya hargitsa bugun zuciya, amma bireka ba za ta ko motsa ba. Na'urar da ke kare mutum ita ce RCD, wadda wasu masu aikin wuta ke ce wa ELCB. Tana auna wutar da ta fita ta laif da wadda ta dawo ta nitiral, idan bambancin ya kai 30mA, wato kashi ɗaya cikin 200 na abin da birekar 6A take bari ya wuce, sai ta yanke wuta cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. A duba lambar da kyau, domin akwai masu 100mA da 300mA, waɗanda an yi su ne don hana gobara, ba don kare wanda wuta ta ja ba. Idan kuɗin mai gida bai kai ya sayi fanka mai tsada da RCD tare ba, ya sayi fanka mai sauƙi ya sa RCD mai 30mA. Kuma idan ta riƙa faɗuwa, akwai inda wuta take zurarewa ne, sai a nemo wurin. Mai gyaran da ya ce bari ya tsallake ta da waya don ta daina damun mutane, a sallame shi a ranar.

Wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, ita ma tana bukatar kulawa. A nan kowane gida shi ke kafa sandarsa ta tagulla, kuma ƙasar Arewa tana bushewa ƙwarai da rani, abin da ke rage ingancin sandar, shi ya sa aka saba zuba gawayi da gishiri a raminta. A auna ta da na'ura, kada a wadatu da ganin waya ta shiga ƙasa. Yawancin fankokin roba suna da alamar murabba'i a cikin murabba'i, wato suna da kariyar wuta ninki biyu ba sa bukatar wayar ƙasa, amma mai jikin ƙarfe dole a haɗa mata.

Sauran aikin sananne ne ga gwani. Ana ɗaukar wuta daga layin fitilu da waya mai kaurin 1.5mm² ta tagulla zalla, a cikin bututu, kuma masu ƙera fanka da yawa suna neman a sa mata fiyus na 3A. A kankare bakin wayar a gani, domin akwai ta alminiyam da aka shafa wa launin tagulla, araha kuwa ba ta ado. A tsohon tsari laif ja ne, nitiral baƙi, a sabon tsari laif ruwan ƙasa ne, nitiral shuɗi, wayar ƙasa kore da rawaya, kuma gida ɗaya yakan haɗa duka biyun, don haka ba a dogara da launi sai an gwada. Makunni a kan laif ake sa shi. Idan aka sa shi a kan nitiral fanka za ta tsaya, amma wuta tana nan a jikinta. Haɗin waya a cikin akwati mai murfi ake yinsa da abin ɗaurewa mai ƙusa, ba murɗi da salatif ba. Kafin a fasa bango a guji daidai sama ko ƙasan makunni, inda wayoyi suke bi a tsaye. Kuma ɗaukewar wuta ba izinin fara aiki ba ce: a kashe babban makunni, a tabbatar janareta da inbata ba sa ba layin wuta, domin KEDCO ko Kaduna Electric ba za su yi sallama kafin su dawo da ita ba. Ƙananan janareta da yawa ba a haɗa nitiral ɗinsu da ƙasa ba, wanda ke iya sa wayoyin biyu su ɗauki wuta kuma RCD ta kasa yin aikinta yadda ya kamata, don haka a nemi mai aikin ya gwada ta a kan wutar gari da ta janareta da ta inbata, ɗaya bayan ɗaya.

Mai gida zai iya auna banɗaki, ya zaɓi fanka, ya sa birkila ya fasa bango ya zauna da bututu. Haɗa waya da taɓa akwatin rarraba wuta kuwa aikin wanda ya koya ne. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke tantance masu aikin wayoyin lantarki tana ba su shaida, kuma babu laifi a nemi ganinta. A Maradi da Damagaram tsarin Faransa ake bi, alƙaluman yankunan sun ɗan bambanta, amma sharaɗin 30mA a banɗaki yana nan daram.

Idan an gama, a rufe ƙofa, a kunna fanka, a kara mata takarda mara nauyi a ga ko ta riƙe, sannan a zagaya waje a sa hannu a bakin bututun a ji iskar tana fita, domin gwajin farko kaɗai shi ne ya yaudari ɗan'uwana. A danna maɓallin gwaji na RCD a ga wutar banɗakin ta ɗauke nan take, a riƙa maimaita hakan duk bayan 'yan watanni. Da zarar hunturu ya wuce kuma, a yanke wutar fankar gaba ɗaya, a cire murfin a goge ƙurar da ta daskare a kan farfela da murfin baya kafin laimar damina ta mayar da ita taɓo.